TSAKANIN JIMETA DA YOLA DA TSAKAR DARE

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba su faɗa mana ko ta rana su ke nufi ko ta dare ba. Ni dai darasin da ya fi amfanata cikin zaman duniya a kan wata 'yar hanya na tsince shi, wadda tsawonta bai fi kimanin kilomita 8 ba, kuma cikin duhu na tsince shi, ina bisa wani tsohon babur. Hanyar nan ita ce ta haɗa Jimeta da tsohon birnin Yola.

Kwanan baya aiki ya sake kai ni Jihar Adamawa. Muka taso daga Gombe bayan azahar, muka ƙetare gadar Numan, kusa da inda kogin Gongola ya ke zuba ruwansa cikin Binuwai, ba mu shiga tashar Jambutu ba sai da aka idar da sallar isha'i. Da na sauka na tsaya ina kasa kunne, ni kaina ban san abin da na ke saurare ba. Can sai na gane: ƙarar babura na ke nema, irin wadda a dā ta kan tari baƙo tun bai sauke jakarsa ba, 'yan acaɓa ashirin na kiransa a lokaci guda. Babu ita. Sai Keke Napep jere bakin titi, kowane direba na leƙowa yana tambayar inda za ni. Na shiga ɗaya, muka kama hanya, zuciyata kuwa ta koma shekarar 2010.

GARI BIYU, SUNA ƊAYA

Wajibi ne in fara yi wa mai karatu bayanin wurin, domin wanda bai taɓa zuwa ba ya kan zaci Yola gari ɗaya ne. Alhali kuwa biyu ne, kowane da halinsa.

Tsohon birnin, wanda mutanen wurin su ke kira cikin Yola, Modibbo Adama ne ya kafa shi a 1841, bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi zama a Gurin da Ribadu. Sunan ya samo asali daga kalmar Fillanci, yolde, watau tudu ko jigawa. Nan fadar Lamiɗo ta ke, nan manyan gidajen sarauta da na malamai su ke. Baturen nan matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya iso garin a watan Yuni 1851, amma ko mako guda bai cika ba Lamiɗo Lawal ya sallame shi. A watan Satumba 1901 sojojin Ingila suka biyo kogi suka ci garin da yaƙi, Lamiɗo Zubairu ya fita bai miƙa wuya ba.

Jimeta kuwa ɗiyar kogi ce. A gaɓar Binuwai ta tashi, inda jiragen ruwan kamfanonin Turawa su kan tsaya da damina, sa'ad da ruwa ya cika, su sauke kaya su ɗebi gyaɗa da auduga, waɗansu su wuce Garwa ta ƙasar Kamaru. Ciniki ya jawo Hausawa da Barebari da Nufawa da Yarabawa da Ibo, suka zauna tare da Bata da Bachama da Verre da sauran ƙabilun ƙasar. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, sa'an nan aka raba ta a 1991 aka sami Adamawa da Taraba, yawancin ofisoshin gwamnati da bankuna da manyan kantuna a Jimeta suka taru.

Saboda haka sai rayuwa ta kasu gida biyu. Mutum ya kwana a Yola, ya wuni a Jimeta. Yola ta kan rufe ƙofa da wuri, bayan isha'i sai karatun almajirai da hirar dattawa a zaure. Jimeta kuwa ba ta san barci da wuri ba: masu shayi, masu tsire, masu gasa kifin Binuwai da na tafkin Geriyo, duk sai dare ya raba. Wanda ya makara a Jimeta alhali shimfiɗarsa na Yola, dole ya ratsa hanyar da ke tsakani. A zamanin da na ke ba da labari, da zarar ka bar hasken kantuna ka fuskanci fadamar da ta raba garuruwan biyu, sai duhu ya rufe ka kamar an kifa ƙwarya.

FAƊUWAR FARKO

Na zo Yola a 2010 neman difloma ta aikin jarida, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Na sauka gidan kawuna a Wuro Hausa, cikin Yola, makaranta kuwa tana Jimeta. Kawu ya ga kuɗin acaɓa na neman cinye ɗan guzurina, sai ya ba ni aron tsohon babur ɗinsa. Da rana ba ni da matsala, har ina ganin kaina gwani. Amma da aka tura ni koyon aiki a wani ɗakin labarai inda ba a tashi sai an gama labaran dare, sai na san inda gwanintata ta tsaya.

Wani dare cikin watan Disamba, hunturu ya kankama, hazo ya sauko har ba a ganin taurari, na taso wajen ƙarfe goma da rabi. Na wuce gidajen ƙarshe na shiga duhu, tsoro ya kama ni, na yi abin da kowane matsoraci ya kan yi, watau na murɗa totur don in yi maza in fita daga wurin. Sai ga wata tankar mai ta ɓullo daga kwana da doguwar fitila. Maimakon in kau da kai, na zuba mata ido kamar fara ta ga wuta. Da ta wuce ban ga kome ba, sai baƙi ƙirin da waɗansu korayen ɗigo-ɗigo na yawo a idona. Na ji taya ta bar kwalta ta hau rairayi, na damƙe birkin hannu da ƙarfi, tayar gaba ta zame. Ban san sa'ad da na kai ƙasa ba.

Allah Ya taƙaita, ban karye ba. Gwiwa da gwiwar hannu suka ɗaye, wando ya yage, 'yar rikodar da na ci bashi na saya ta tarwatse. Raunin jiki ya warke cikin mako uku, amma na zuci ya ƙi warkewa. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da magariba ta gabato sai tafin hannuna ya fara gumi. Na shiga ƙirƙiro dalilan kwana a Jimeta, in shimfiɗa kwali a shagon wani abokina a Doubeli, sauro ya yi ta biki a kaina, da safe in gaya wa Kawu aiki ne ya riƙe ni. Na fi wata guda a haka.

MAKARANTAR BAPPA

Wanda ya gano ni wani dattijo ne bakanike, Bafillace, mai rumfa a bakin hanya kafin ka shiga cikin Yola. Kowa Bappa ya ke ce masa. Ya yi aikin masinja da ƙuruciyarsa, ya kan ce shi ya fara hawan babur tun ana tuƙi ta hannun hagu, kafin Nijeriya ta koma hannun dama a watan Afrilu 1972. Na kai masa gyaran madubin da ya karye, ya dubi babur, ya dubi tabon hannuna, ya ce, "Ɓingel, da dare ka faɗi, ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka ne, Bappa."

Ya ce, "Kuma tun ran nan ba ka sake fita da dare ba."

Na sunkuyar da kai. Ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Mai tsoro ana iya koya masa. Wanda ba ya tsoro shi ne ban san maganinsa ba, sai dai mu je jana'izarsa."

Bai fara da ni ba, da babur ya fara. Ya kwance gilashin fitila ya wanke ƙurar da ta daskare a ciki, ya sake ƙwai, ya sa na tsayar da babur ina kai, fuskarsa na duban bango, ya daidaita hasken yadda zai sauka a kan hanya, domin tun faɗuwata fitilar sama ta ke haskawa, tana neman jemagu a bishiya. Ya duba danja ta baya ya tarar ta mutu tuntuni ban sani ba. Ya ce, "Fitilar gaba taka ce, ta baya ta mai tirela ce. In bai gan ka ba, ba zai nemi gafararka ba." Ya ɗaure birki, ya gwada iskar taya, ya manna mani jan kyalle mai ƙyalli a bayan sirdi.

Sa'an nan ya nuna mani wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Yawancin ƙananan baburan wancan lokaci, fitilarsu daga injin ta ke shan wuta kai tsaye, ba daga batir ba. In injin ya yi sanyi sai haske ya dushe, in ya ɗauki ƙara sai ya ƙaru. Wannan shi ke ruɗin sabon mahayi, ya ga sai ya yi gudu ya ke gani sosai. Maganin abin, in ji Bappa, shi ne ka sauko giya ta ƙasa: injin na ƙara, fitila na haske, kai kuwa kana tafiya sannu.

Darasi na biyu da rana aka yi shi. Ya ce in bi hanyar nan daga rumfarsa har Jimeta in komo, sau uku, ba don zuwa ko'ina ba, sai don in haddace ta kamar yadda almajiri ke haddace allonsa. Ina rami ya ke? Ina kwalta ta gutsure a gefe? Ina ruwa ya kan tara rairayi? Ina kwalbatin da ba shi da murfi? Ina shanu su kan ƙetare in sun taso daga fadama? Da na dawo ya yi mani tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, inda na kasa ya sake tura ni. Ya ce, "Hanyar da ka bi da rana ita ce ta dare, ba a sake ta bayan magariba. Abin da ka sani ba ya ba ka tsoro ko da ba ka ganinsa. Makaho ba ya tuntuɓe a ɗakinsa."

Darasi na uku shi ya fi ba ni mamaki. Na zaci zai ce in fita da tsakar dare in yi ta maza. Sai ya ce a'a, da asuba zan fara. In idar da salla in hau, tun da sauran duhu, domin duhun asuba kowane minti raguwa ya ke yi, mai tsoro kuwa yana bukatar ya san sauƙi na tafe. Na yi mako biyu a haka. Daga nan ya mai da ni magariba, inda duhu ke ƙaruwa amma ido na biye da shi a hankali. Sa'an nan muka jira wata ya kai sha uku, sha huɗu, na yi tafiyar farin wata. Sai da wata ya fara makara wajen fitowa ya ce to, yanzu na isa in gwada baƙin dare.

IYAKAR FITILA

A daren nan ne ya koya mani abin da ya sa na rubuta wannan labari. Ya kai ni wani miƙaƙƙen wuri, ya ce in kunna fitila in zauna. Yana sanye da shuɗiyar riga mai duhu. Ya ce zai yi ta tafiya gaba, in na daina ganinsa in yi masa oda. Ya tafi yana ƙirga taku, na danna oda, ya komo ya ce, "Taku arba'in." Ya tuɓe rigar ya bar farar 'yar shara, ya sake tafiya, wannan karo ya kusa ninka nisan kafin ya ɓace mani.

Ya ce, "Ka ga abu biyu. Na ɗaya, kada ka sake fita da dare da baƙaƙen kaya. Na biyu, taku arba'in ɗin nan su ne iyakar duniyarka. Abin da ke bayansu ba ka san shi ba, ko jaki ne, ko rami, ko yaro. Saboda haka kada ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa cikin taku arba'in ba. Wanda ya wuce hasken fitilarsa, da shi da mai tuƙi ido rufe duk ɗaya ne."

Da na koma gida na ɗauki takarda da alƙalami na yi lissafi, na tarar dattijon da bai yi boko ba ya riga malaman lissafi isa wurin. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 kowane sakan. In ya ɗauki sakan ɗaya da rabi tsakanin ganin abu da taka birki, ya riga ya shafe mita 25 babur bai ko fara rage gudu ba, taku arba'in na dattijo kuwa da ƙyar su ka wuce haka. Mai gudun kilomita 30 kuwa mita 8 da ɗoriya ya ke ci a sakan. Har ila yau, in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin ya tsai da kai ninkuwa ya ke yi sau huɗu. Wannan ba ra'ayin kowa ba ne, haka Allah Ya tsara motsin abubuwa.

Sauran darussan a hankali suka zo, yawanci muna shan shayi a rumfarsa. In mota ta taho da doguwar fitila, kada ka dube ta, ka sauke idonka zuwa gefen kwalta na hannun dama, ka rage gudu tun ba ta iso ba, domin idon da haske ya dalle ya kan ɗauki lokaci kafin ya sake sabawa da duhu. In ka hango fitila ɗaya tana tahowa, ka ɗauka mota ce mai ido ɗaya har sai ka tabbata babur ne. In ka ga ɗanyen ganye zube a kan titi, to babbar mota ta lalace a gaba. In ka ga idanu biyu na ƙyalli, ka ƙaddara akwai waɗansu a baya, don saniya ba ta tafiya ita kaɗai. A kan rairayi ko laka kada ka damƙi birkin hannu farat ɗaya, ka haɗa shi da na ƙafa a hankali, babur na miƙe. In ka iso shingen jami'an tsaro, ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke fitila, ka tsaya inda aka ce, hannuwanka a fili. In barci ya fara fizgarka, ka sauka ka kwana inda ka ke, kada ka nemi taimakon ƙwaya.

Game da hular kwano kuwa ba ya wasa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular a ranar 1 ga Janairu 2009, har aka yi ta ba da labarin 'yan acaɓan da suka kifa ƙwarya a ka don su ruɗi jami'ai. Bappa ya kan ce ƙwarya ta fura ce, kwalta ba ta karɓar wayo. Ya sa na sayi mai farin gilashi, domin baƙin gilashi na rana ne, kuma duk wanda ya taɓa bin gaɓar Binuwai da damina ya san yadda ƙwari ke taruwa a hasken fitila su faɗa wa mutum a ido. Daga baya, cikin aikina, na ga rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 wanda ya ce kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma masu babur na cikin waɗanda abin ya fi ci. Ban yi mamaki ba, don kafin in bar Yola na raka biyu daga cikin abokan karatuna makwancinsu.

Wata rana na ce masa, "Bappa, yanzu na zama jarumi." Ya girgiza kai. Ya ce a tarbiyyar Fulani, wadda su ke kira pulaaku, lalle akwai ngorgu, watau jaruntaka, amma ba ita ke kai mutum gida da dare ba. Masu kai shi su ne hakkiilo da munyal, hankali da haƙuri.

DAREN JARRABAWA

An ce sai an gwada a kan san na ƙwarai. Tawa jarrabawar ta zo cikin watan Agusta 2011, a goman ƙarshe na azumi. Matar Kawu, wadda na ke kira Goggo, tana da tsohon ciki. Wajen ƙarfe ɗaya na dare naƙuda ta zo da zubar jini, wani maƙwabci ya kai su asibiti da motarsa, na bi su a baya. Ma'aikata suka yi iyakar ƙoƙarinsu, suka ce ana bukatar ƙarin jini da gaggawa. Aka gwada na Kawu bai dace ba, aka gwada nawa bai dace ba. Wanda aka san nasa ya dace shi ne ƙanenta, yana zaune a Vinikilang, hayin gadar Binuwai. Aka yi ta kiran wayarsa, a kashe.

Kawu ya kama hannuna, muryarsa na rawa, ya ce, "Ɗana, kai ne za ka. Ka yi sauri don Allah."

Na fito ana yayyafi bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Babu wata, babu wutar lantarki, kwalta na sheƙi kamar bayan tarwaɗa. Jama'a kuma na tafe a gefen hanya zuwa sallar tahajjud, waɗansu da duhun kaya. Ban ɓoye wa mai karatu ba, hannuna ya so ya murɗe totur har ƙarshe. Kalmar Kawu na bugun kunnena: ka yi sauri. Amma sai lissafin nan ya faɗo mani. In tafiyar kilomita 12 ce, mai gudun 60 zai yi ta cikin minti 12, mai gudun 40 cikin minti 18. Minti 6 ne tsakani. In kuwa na faɗi, babu wanda zai isa Vinikilang a daren nan, kuma gadon asibiti biyu za a nema maimakon ɗaya. Na sauko giya, na tsaya cikin hasken fitilata.

Na ratsa fadama, kwaɗi na ta kuka, ina kauce wa ramukan da ruwa ya rufe, waɗanda ba na gani amma na san inda su ke. Na shiga Jimeta, na tsaya a shinge na faɗi uzurina aka buɗe mani, na miƙa zuwa gada. Binuwai ta cika tana ruri a ƙarƙashina, in walƙiya ta haska sai in hango duwatsun Bagale tsaye a gaba, sa'an nan duhu ya sake haɗiye su.

Ina sauka daga gada kaɗan, sai fitilata ta faɗa kan wani abu baƙi wanda ya fi dare duhu. Na taka birkin ƙafa, na haɗa da na hannu a hankali, babur ya tsaya. Da na ɗaga kai sai ga bayan wata tifa shaƙe da yashi, ta mutu a tsakiyar hannuna, ba danja, ba alama, ganyen da aka zuba ma ruwa ya share shi. Tsakanina da ƙarfenta bai fi taku huɗu ba. Na zauna ina dubanta, ƙafafuna na kaɗawa. Da na ƙara ko da kaɗan a kan gudun da na ke yi, da wani ne ya rubuta labarina a shafin ta'aziyya.

Na kewaye ta, na isa gidan, na buga ƙofa har maƙwabta suka fito. Na goyo ƙanen Goggo muka juyo. Shi ma a hanya ya yi ta dukan kafaɗata yana cewa, "Hamma, ƙara wuta mana!" Ban tanka masa ba sai da muka zo daidai tifar nan na nuna masa da hannu. Daga nan bai sake magana ba, sai salati. Muka isa, aka ɗebi jini, kafin a kira assalatu aka ce an sami 'ya mace, uwa kuma ta farfaɗo. Yarinyar nan yanzu tana makarantar sakandare.

ABIN DA NA TARAR

Shekara guda bayan wannan dare, a 2012, sa'ad da hare-haren 'yan bindiga suka yawaita a Arewa maso Gabas, kuma aka lura da babur su ke zuwa su gudu, gwamnatin jihar a zamanin Gwamna Murtala Nyako ta hana hawan babur a babban birnin. A 2021 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya sa hannu a kan wani umurni da ya jaddada hanin a ƙananan hukumomin Yola ta Arewa da Yola ta Kudu da Girei, ya kuma taƙaita zirga-zirgar Keke Napep daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba, saboda ta'asar matasan nan da a ke kira 'yan Shila. Dubban masu acaɓa suka sake sana'a, waɗansu suka koma keke, waɗansu suka bar gari. Babur ɗin Kawu ma ƙauye aka kai shi aka sayar.

Ba ni da ja a kan doka, tsaron rai ya fi gaban kome, kuma ina jan kunnen mai karatu ya binciki dokar garinsu kafin ya hau. Amma na san a dubban ƙauyukan ƙasar nan babur shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, shi ne ɗan aike, kuma ciwo ba ya jiran gari ya waye. Kowane dare akwai wani saurayi a wani wuri da za a kama hannunsa a ce masa ya yi sauri. Saboda shi na ga ya kamata in rubuta abin da aka koya mani kyauta: ya gyara fitilarsa tun ba a bukace ta ba, ya haddace hanyarsa da rana, ya saba da duhu kaɗan-kaɗan, ya sa hular kwano da farin kaya, sa'an nan kome tsananin uzuri kada ya wuce iyakar haskensa.

Washegarin isowata na shiga keke zuwa cikin Yola. Jimeta ta sake kama, ga gadojin sama inda a dā mu ke cunkushewa a shataletale, gine-gine kuma sun ci wani sashi na filin da na sani da duhu. Na tarar da rumfar Bappa tana nan, sai dai 'ya'yansa ke ciki suna kwance injin keke. Shi kuwa yana zaune a tabarma daga gefe, tsufa ya kama shi, idanunsa sun yi hazo. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ko ni wane ne. Ya lalubo hannuna ya shafa har ya sami tabon nan, ya yi dariya.

Ya ce, "Ɓingel, an ce mani yanzu jarida ka ke rubutawa."

Na ce, "Haka ne, Bappa."

Ya ce, "To, can ma akwai dare. Abin da fitilarka ta haska shi za ka faɗa, wanda ke bayan taku arba'in ka bar shi sai ka matsa kusa."

Na yi masa alkawari, na ajiye masa ɗan goro, na yi sallama. A kan hanyar komowa muka zagaya shataletalen nan na ƙofar Yola wanda a ke kira Jippu Jam. Shekara biyu na yi ina wuce shi dare da rana ban damu da ma'anar sunan ba, sai a wannan zuwa na tambayi mai keke. Ya ce da Fillanci, sauka lafiya ke nan.

Allah Ya sa duk wanda ya hau ya sauka lafiya, Ya kiyaye matafiya na dare da na rana, amin.